Inna, Jummai Ta Ci Masar Farko

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mai Masa ta unguwar Jahun,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda kika koya mini in yi gwiwa a ƙasa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu dai a nan Tirwun lafiya lau muke. Surukinki Malam yana nan ƙalau. Babbar jikarki tana karatu a jami'a can Gubi, tana leƙo mu ƙarshen mako da ƙullin wanki da yunwar sati guda. Na san babu mai kai takarda inda kike. Amma labarin da ke cina ba ni da wanda zai ji shi yadda za ki ji shi, don haka na ce bari in rubuta. Wanda ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, shi ma ya yi miki addu'a.

Labarin Jummai ne, Inna, kyanwar nan da kika kawo mini a kwando shekarar da za ki rasu. Tana nan da ranta. Ta fara tsufa, ta yi nauyin jiki, ga ta ma kwance a kan ƙafata ina wannan rubutu. Amma a daminar bana saura ƙiris ta bar gidanmu, har an sa ranar da za a zo a ɗauke ta. Abin da ya hana kuwa daga wurinki ya fito, shi ya sa na zo godiya.

Bari in fara da Kande, farar kyanwar nan mai baƙin tabo a kunne da muka tashi muka gani a gidanmu na Jahun, wadda Jummai ta fito daga zuriyarta. Bayan rasuwar Baba, tandar masa ce ta riƙe mu, ni da ƙannena. Ana idar da sallar asuba kin hura wuta, ƙullu ya kwana ya tashi, masu kwanuka sun fara taruwa a zaure. Masar farko kuwa kowace mai suya ta san halinta. Tanda ba ta gama ɗaukar zafi ba, sai ta kama, ta fito a farfashe, ba kyan gani. Wasu sukan cusa ta a ƙasan kwanon mai saye su rufe da masu kyau. Ke ba ki taɓa yi ba. Sai ki marmashe ta da yatsunki a cikin wani ɓarin tsohuwar tanda mai gurbi biyu, ki barbaɗa ɓurɓushin kifi banda, irin wanda ke taruwa a gindin kwali, wanda masu kifi a kasuwar Wunti suke tara miki, ki ɗan yayyafa ruwan ɗumi. Gurbi ɗaya abinci, ɗaya ruwan sha. Kande ce ke fara karyawa a gidanmu, kafin mu, kafin masu saye.

Wata maƙwabciya ta taɓa tsayawa a kanki tana taɓe baki, ta ce mutane ba su ƙoshi ba ana ciyar da kyanwa. Ba ki ko ɗago daga suyarki ba kika ce, "Ita ma aiki take yi a gidan nan. Buhun shinkafar can da ɓera bai taɓa hudawa ba, ke kika tsare shi?" Matar ta karɓi masarta ta yi gaba. Bayan ta tafi kika ce, kamar da tanda kike magana, "Ba na ba ta saura. Nata nake cirewa tun farko, ko kaɗan ne, don ranar da babu saura kada ta kwana da yunwa."

Kuma ba ki taɓa riƙe fiye da guda ɗaya ba. In Kande ta haihu, mu yi ta roƙo a bar mana 'ya'yan, ki ce tandarki kyanwa ɗaya take iya ɗauka. Amma ba kya zuba su a buhu a kai bayan gari yadda wasu ke yi. Duk mai so, sai kin yafa mayafi kin taka da ƙafarki kin ga gidan. Akwai wani gidan masu hali da kika hana, don kin tarar da akuyarsu ɗaure a rana babu ruwa a gabanta. Kika ba wata mai wankau da ke zaune a ɗakin haya.

Ban taɓa ganin mutumin da "ba ni da shi" ke fita daga bakinsa cikin sauƙi kamar ke ba. Za a kawo ankon biki, atamfa mai tsada, mata suna ta rige-rige. Ki juya ta, ki yaba zanenta, ki miƙa musu abarsu, ki ce, "Allah ya sanya alheri. Ba ni da halinta, amma ranar zan zo da tandata in soya muku." Ni da nake tsaye a gefe kamar in nutse don kunya, ke kuwa ko a jikinki. Ranar bikin kuma ke za a fi nema, don masu anko ba sa son hayaƙi ya taɓa musu atamfa.

Ni ce 'yarki ta fari, saboda haka ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yabona a gaban mutane ba, ko ido ba ki cika haɗawa da ni ba. Kunyar ɗan fari kin riƙe ta da ƙarfi, irin riƙon mutanen da. Amma kin samo hanyarki: Kande kika mayar 'yar aike. Ina zaune a tsakar gida da littafi sai in ji kin ce, "Kande, ki gaya wa masu jarrabawa gobe su tashi su ci tuwo kafin ya huce." Ranar da sakamako ya fito na ci, ba ki ce mini uffan ba. Kika ɗauki Kande kika ɗora a cinya, kina shafa ta kina cewa, "Ashe dai ana ƙoƙari a gidan nan. Kande, mun gode Allah." Ni kuma ina bayan ƙyaure ina share hawaye. Ranar da za a kai ni gidan Malam ma ita kika yi wa nasihar, doguwa kuwa, ita tana ta lasar ƙafarta.

Kin san yadda Allah ya ɗaga Malam a wurin aiki har aka ba shi gida a gefen GRA. A ma'aunin unguwar ba wani babban gida ba ne, amma a idonmu ya kai ya kawo: bishiyoyin mangwaro, famfo a cikin ɗaki, mota a inuwa. A can kika kawo mini Jummai, 'yar mitsitsiya, haihuwar ranar Juma'a, ba ta daɗe da barin nono ba. Kika haɗo da ɓarin tandar nan a cikin kwandon. Kika ajiye, kika duƙa kika ce mata, "Jummai, ki gaya wa matar gidan nan kada ta koya miki abin da ba za ta iya ba ki kullum ba."

Ni na ji, na kuma riƙe. Surukinki ne ya ɓata lamarin. Malam da ya rantse shi ba ya son dabba a ɗaki, ya ce gashi, ya ce ƙazanta, ya ce kada ya kuskura ya gan ta a kan kujerarsa. Ba a rufa wata ba na kama shi yana tsakurar naman miyarsa yana saukarwa ƙarƙashin tebur. Daga nama aka koma madara, daga madara aka kai ga kifin gwangwani. Kullum in ya taso daga aiki sai ya tsaya a shagon Maman Chidi, wata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da kayan masarufi da kifi banda kusa da Wunti, ya sayo mata. Jummai ta haddace ƙarar motarsa. Tun daga kwanar layi take jiyo ta, ta ruga bakin ƙofa, jela a sama. Shi kuma ya fito yana hura hanci, wai shi ake tarya. Ɓarin tandarki ya koma bayan kicin, aka sayo wa gimbiya kwanon tangaran.

Zuwanki na ƙarshe gidan, a gabanki aka buɗe gwangwanin. Ba kya doguwar magana da suruki, don haka kika kawar da kai kika ce, "Jummai, ranar da gwangwanin nan ya ƙare, ke fa ba za ki gane ba." Malam ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya ce in Allah ya yarda ba zai ƙare ba. Bayan Babbar Sallah kika kwanta ciwon da ba ki tashi ba.

To, Inna, ya ƙare. Bara Malam ya yi ritaya, aka ce mu ba da gida. Kuɗin sallama kullum gobe, fansho kuma in ya shigo, kafin ka juya ya narke. Muka sayar da mota muka yi wa ginin Malam na Tirwun rufi da ƙofofi, muka tare haka nan. Babu silin, babu filasta a waje, katanga rabi bulo rabi zana. Bayan gidan gonakin masara ne. In aka yi ruwa, takalmi a hannu ake ɗauka har a kai titi.

Ni ban sha wahalar saukowa ba, don a gidanki na tashi. Na ciro tandarki daga buhu, na wanke ta, na shafe ta da mai, na kafa murhu a ƙofar gida. Magina da leburori masu aikin sababbin gidaje ne suka fara gano ni, sannan matan unguwa. Shayi da madara ya koma koko, nama ya zama na ranar Juma'a, tukunyar gas ta koma teburin ajiye kwanuka. Da aka kawo ankon bikin 'yar wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta GRA, sai na ji bakina yana faɗin maganarki tiryan-tiryan, har da alkawarin zuwa da tanda. Bayan sun tafi na zauna na yi ta dariya ni kaɗai.

Su biyu ne suka kasa saukowa, Malam da Jummai.

Shi da safe sai ya yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya kafa hula, ya ce zai shiga gari bin takardun sallama. Ba ya zama kusa da tanda in ina suya. Ranar da wani lebura ya gaishe shi da "Barka da asuba, maigidan mai masa," sai da ya yini bai yi magana ba. Ita kuwa Jummai yajin cin abinci ta shiga. In marmashe masar farko, in barbaɗa banda, in ajiye a ɓarin tanda. Ta zo ta sunsuna, ta kalle ni kamar na zage ta, ta juya ta tafi bakin ƙofa ta zauna tana kallon hanya. Tuwo ta ƙi, ƙanzo ta ƙi. Ɓeran gona zai gifta ta gabanta ta bi shi da ido kawai, ta manta ana cinsa. Ta rame, gashinta ya fara zuba, in ka shafa bayanta ƙashi kake ji. Wata mata a layinmu ta ce in sa ta a buhu a kai ta bakin dam ɗin Gubi a saki, masunta za su jefa mata wani abu. Na ce mata a gidanmu ba a yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba ta ci ba, kuma ba ta faɗi ba. Har na fara tunanin ko iska take sha.

Shi ma Malam ramar yake yi. Yana dawowa bayan la'asar, takalmi duk taɓo, ƙafafu a kumbure. In na tambaya ya ce tsayuwar layi ce a ofis. Sai ya sha ruwa, ya zaga bayan gida wai zai duba masara. Jummai ta bi shi.

Wata safiya ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, ya yi magana da Maman Chidi. Ɓera ya dame ta a sito, tana son kyanwa, kuma a wurinta Jummai za ta ci abin da ta saba. Asabar ta sama za ta zo da kwali ta ɗauke ta. Ya ce, "Ka riƙe dabba kana kallo tana ramewa, zalunci ne. Allah zai tambaye mu." Gaskiya ya faɗa, Inna, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, don Jummai ce abu mai numfashi na ƙarshe da ya fito daga hannunki zuwa nawa. Kuma tun da kika tafi, in magana ta cika mini ciki ita nake gaya wa.

Na ce ko da zan ba da ita, sai na ga inda za ta, yadda kike yi. Na hau keke napep na tafi Wunti. Maman Chidi ta tarye ni da fara'a, ta ba ni kujera, ta nuna mini siton. Wuri mai tsabta, ga ruwa, ga inuwa, babu abin kushewa, har na ji haushin rashin abin kushewar. Sannan ta rage murya, da Hausarta irin ta kasuwa ta ce, "Madam, ba don ɓera ba ne. Ni yana da tarko. Don ƙafan Oga ne. Oga yana koma gida da ƙafa, kuɗin keke shi yana saya kifi ɗaya. Tsoho mutum, daga nan har Tirwun! Ni ne ya ce masa kawo kyanwa, ka huta."

Ashe duba masarar ke nan. Kuɗin keken da nake ƙulla wa Malam daga cinikin safe, shi yake mayarwa gwangwani duk ranar da ya shiga gari, ya tako tun daga Wunti, ya ɓuya bayan gida ya buɗe mata. Ita kuma ta gane in ta daure ta ƙi nawa, nasa yana tafe, ko ba yau ba. Shi yana ganin ramarta yana ƙara tafiya, ita tana jiran tafiyarsa tana ƙara rama. Su biyun suna ta wahalar da juna saboda ƙauna, ni ina tsakiya ina asarar banda.

Na roƙi Maman Chidi kada ta sake sayar wa Malam da gwangwani, kuma ta riƙa tara mini ɓurɓushin gindin kwalinta. Ta tafa hannu ta ce wannan ai shara ne, kullum zubarwa take, nan take ta ƙulle mini leda guda. Na sayi gwangwani ɗaya, na ƙarshe. Maganar Asabar kuwa muka bar ta yadda take: in Jummai ba ta ci ba zuwa ranar, ta zo ta ɗauka, ba zan hana ba.

Da na dawo na same shi zaune a inuwar katanga, ya tsoma ƙafafu a roba. Kin san ban saba ɗaga masa murya ba, kuma ban so in kunyata shi. Na rasa ta inda zan fara. Sai na ga Jummai kwance a gefensa, sai dabararki ta faɗo mini. Na durƙusa na ce, "Jummai, ki gaya wa mai takowa daga Wunti, mutanen gidan nan sun fi son ƙafarsa a kan gwangwani." Sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Na ba da gida, na ba da mota. Waɗanda nake sa wa hannu jiya, yau su ke ce mini in jira a benci. Ita kaɗai ce har yanzu in na dawo take taryata kamar da. Ita ma in ce mata babu?"

Tsawon zamanmu ban taɓa jin Malam ya yi magana irin wannan ba. Sai a ranar na gane maganar da kika yi a GRA ba Jummai kaɗai kika yi wa ba. Na ce masa Inna ta yi shekara da shekaru tana cewa babu, kuma ban ga wanda ya daina taryarta ba. Na roƙe shi abu guda: daga gobe shi zai riƙa ba ta abinci da hannunsa, a ɓarin tanda, a ƙofar gida, ba a bayan masara ba.

Na juye gwangwanin a 'yar kwalba, na bi yadda kike yaye 'ya'yan Kande, kaɗan-kaɗan. Washegari na marmashe masar farko, na sa banda, na ɗiga man kifin a kai. Malam ya ɗauka, da kaftaninsa da hularsa, ya durƙusa a ƙofar gida leburori na kallo. Ta lashe inda man yake ta bar sauran. Kashegari na rage man. Ta lashe, ta bar sauran, ta yi ta zagaye ƙafarsa tana kuka tana jan sa zuwa bayan gida. Sai ya zo ya zauna kusa da murhu, wurin da bai taɓa zama ba, ya juya mata baya, ya ce in ba shi wani aiki ya yi kafin zuciyarsa ta karye. Na miƙa masa mafici. Inna, da ma kin ga surukinki, tsohon babban ma'aikaci, yana fifita gawayi, hawaye na zuba, yana cewa hayaƙi ne.

Ranar Alhamis man ya ƙare. Ranar Juma'a ba ta taɓa komai ba sai ruwa. Na cire rai. Da yamma na wanke tsohon zanen da take kwanciya a kai, na shanya, don in haɗa mata da shi a kwalin.

Asabar aka wayi gari da sanyin ruwan sama. Masar farko ta kama tanda kamar kullum, na ɓamɓaro ta, na marmashe, na barbaɗa banda, babu ko ɗigon man gwangwani. Malam ya karɓa, ya ce in zuba masa ragowar farfasassun a kwanonsa. Ya zauna dirshan a kan tabarma, ya ajiye ɓarin tandar a gabansa, ya gutsuri tasa ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye. Sannan ya dube ta ya ce, da ƙarfi yadda ni da jikarki da masu jiran suya duk muka ji, "Jummai, babu. Gwangwani ya ƙare. Abin da muke da shi ke nan, ni ma shi nake ci. Ki kuma gaya wa mutanen gidan nan na gode musu, sun rufa mini asiri."

Ban ce ta ji Hausa ba, Inna. Wataƙila yunwa ce ta kai mata karo, wataƙila ta ga ya zauna daram bai nufi bayan gida ba. Ta daɗe tana kallonsa. Ta matso ta sunsuna, ta ja baya, ta sake matsowa. Sai ta sa baki. Tana ci tana gurnani ƙasa-ƙasa kamar mai mita, har ta suɗe gurbin tas, ta koma na ruwa. Wani magini ya ɗaga hannu ya ce, "Allahu akbar, Hajiya ta sauko!" aka kwashe da dariya har da Malam. Ni ban iya dariyar ba. Na rufe fuska da mayafi ina kuka, zubi na biyu yana ƙonewa a tanda.

Maman Chidi ta iso da hantsi, ta sauka daga keke da kwalinta, ta tsallako taɓo. Ta tarar da Jummai ta miƙe a rana, ciki ya ɗan tasa, tana lasar hannu. Ta dubi kyanwar, ta dubi ƙafar Malam, ta ce, "To, Oga, ni ya kawo kwali banza." Bai koma banza ba. Na shimfiɗa leda na cika mata shi da masa mai zafi da ƙullin yaji. Tun daga ranar, duk Asabar ɓurɓushin banda yana zuwa Tirwun, masa tana tafiya Wunti. Ki sa ta a cikin mutanen kirkin da kika sani, ko da ba ku taɓa haɗuwa ba.

Jummai ta murmure. Har sana'ar kakanninta ta tuna. Yanzu takan ajiye mana ɓera a bakin ƙofa, Malam ya yi ta yabonta kamar ta ci jarrabawa, ni kuma a bar ni da kwashewa. Buhun shinkafata babu huda ko ɗaya. Malam yana shiga gari a keke ya dawo a keke, kumburin ya saɓe. Kuɗin sallama har yanzu shiru, muna dai ta addu'a. Shi ke fifita wuta da safe, shi ke hira da magina, in aka ce maigidan mai masa sai ya amsa da "Na'am, nawa za a zuba?" Kwanan baya wani ɗan'uwansa ya zo da maganar gudummawar wani biki na nuna isa, ina daga ɗaki na ji ya ce, "Allah ya sanya alheri. Ba ni da hali, amma za mu zo da tanda." Za mu, in ji shi. Kuma in ya dawo daga gari hannu rabbana, Jummai tana rugawa bakin ƙofa, jela a sama, kamar da.

Inna, ba ki bar mana gona ba, ba ki bar gidan haya ba. Da aka zo rabon abin da kika bari, ko tabarma ɗaya bai cika ba. Ni tanda na ɗauka, har ana yi mini dariya wai matar GRA me za ta yi da ita. Yau ita ke ciyar da mu, ita ke kai jikarki makaranta. Na gode da tandar. Na gode da kika koya mini cewa babu ba tare da na sunkuyar da kai ba, kika kuma koya mini cire rabon wanda ba ya iya roƙo tun kafin a san ko za a yi saura. Na gode da Jummai. Na ɗauka don ɓera kika kawo ta, ashe akwai ranar da mijina zai rasa wanda zai faɗa wa abin da ke ransa sai ita.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk saƙon da kika ba Kande ya iso, babu wanda ya ɓace a hanya. Na ji na jarrabawa, na ji na ranar aure, na ji har wanda kika raɗa wa 'yar Kande lokacin da na zo wankan jego, kina tsammanin barci nake. Ni ma kunya ce ta hana ni mayar da amsa, ina cewa akwai lokaci. Yau da safe da na ajiye masar farko, na duƙa na ce, "Jummai, ki gaya wa mai tandar nan 'yarta tana sonta, kuma kullum tana kewarta." Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da cin abincinta. Na ga 'yar aiken ta tsufa, shi ya sa na rubuta da hannuna.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ke da Baba. Ya haskaka makwancinku, ya yafe kurakuranku. Yadda ba ki taɓa barin abin da ke ƙarƙashinki ya kwana da yunwa ba, Allah ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, na farko ba saura ba. Mu da muka rage, ya ba mu wadatar zuci, ya ci gaba da rufa mana asiri, ya haɗa fuskokinmu a gidan da babu rabuwa. Amin.

Ni ce 'yarki ta fari, mai fatan in mun haɗu a can ki kira ta da sunanta, ko sau ɗaya ne,

Rakiya,
Tirwun, Bauchi.